Goro, shayi, kofi, lemon kuzari ko ƙailula: wanne ya fi raba ɗalibi da gyangyaɗi a ɗakin lakca?

Lakcar ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu ba ta da wasa a ƙasar Kano da Jigawa. Zafi kan haura digiri 40, rufin kwano ya ɗauki rana tun hantsi, muryar malami tana tafiya a kan sauti guda, sai ɗalibi ya farga biro ya sauka daga kan layi, rabin shafi ya zama zanen da shi kansa ba zai iya karantawa ba. Masu karatu a Kafin Hausa da Gumel da Haɗeja da Kazaure, da na Wudil da Bichi da Dambatta, musamman waɗanda ke tasowa daga ƙauyukansu kowace safiya a kan babur ko keke, sun san wannan hali, kuma kowa da shawarar da ake ba shi. Wani a ce ya riƙa tauna goro, wani a tura shi teburin mai shayi, wani abokinsa ya miƙo masa gorar lemon ƙarin kuzari, wani kuma, abin takaici, a raɗa masa sunan ƙwaya. Wannan rubutu na wanda ya rasa wacce zai kama ne a cikin waɗannan hanyoyi, kuma kuɗin aljihunsa bai kai ya yi ta gwaji ba.

Akwai abu guda da ya kamata a fahimta tun farko, domin a kansa duk kwatancen ya ginu. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, kuma yawansa ne ke sa ido ya yi nauyi. Barci ne kaɗai ke share shi. Sinadarin kafeyin da ke cikin goro da shayi da kofi da lemon kuzari ba ya rage adinosin ko kaɗan, abin da yake yi shi ne ya toshe wuraren da adinosin ke maƙalewa, sai ƙwaƙwalwa ta daina jin saƙon gajiya na ɗan lokaci. Barcin da aka tauye bashi ne, kafeyin kuwa ba ya biyan bashin, sai dai ya roƙi mai bi ya ɗaga ƙafa zuwa yamma. Baligi yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9 a kowane dare, sannan ko wanda ya ƙoshi da barci jikinsa yakan yi sanyi tsakanin ƙarfe ɗaya da huɗu na rana, saboda haka agogon jikin ɗan Adam yake.

Ma'aunan da za a bi

Ma'auni na farko shi ne kuɗi, kuma ba kuɗin rana ɗaya ba, kuɗin zangon karatu gaba ɗaya, domin abin da ake saye kullum shi ke cinye guzuri ba tare da an ankara ba. Na biyu shi ne daɗewar tasiri: zai riƙe mutum har ƙarshen lakcar awa biyu, ko kuwa zai sake shi a tsakiya? Na uku shi ne sauƙi, wato ko ana samunsa a ƙaramin gari, ko yana buƙatar wuta da ruwan zafi, ko za a iya amfani da shi a cikin aji ba tare da an saɓa wa ladabi ba. Na huɗu shi ne haɗari ga lafiya da barcin dare. Akwai na biyar da nake ganin ya fi sauran nauyi duk da ba a cika ambatonsa ba, shi ne fahimta. Buɗe ido daban, shigar karatu daban, kuma ɗalibin da ya zauna ido a bushe har aka tashi amma bai fita da komai ba, bai fi wanda ya yi gyangyaɗi da wani abin kirki ba.

Goro

Goro shi ne tsohon abokin masu doguwar tafiya da masu karatun dare a ƙasar Hausa, kuma yana da kafeyin wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin busasshensa. Daga kudu ake kawo shi, ya sauka a manyan kasuwanni irin ta Mariri a Kano, daga nan ya bazu har ƙauyen da ba shi da kanti ko ɗaya, don haka ta fuskar sauƙin samu babu abin da ya kai shi. Ba ya buƙatar wuta ko kofi ko cokali. Ɗalibi zai iya ɓantarar ɓari ɗaya ya bar sauran a aljihu, kuma da yake taunawa ake yi a hankali, tasirinsa yana shiga sannu a hankali, ita kanta taunar da ɗacin suna taimakawa wajen wartsakewa. Kuɗinsa yana hawa da sauka gwargwadon kaka da tsadar sufuri, amma ƙwaya ɗaya da aka raba biyu ko uku tana iya kai mutum yini, abin da babu gorar lemon da za ta yi.

Illarsa uku ce. Yana ƙara tsamin ciki, don haka mai gyambon ciki ko mai yawan ƙwannafi ya nisance shi, musamman idan bai karya ba. Yana rina haƙori idan aka lazimce shi. Sannan babu ma'auni a tare da shi, domin goro ya bambanta a girma da ƙarfi, sai mutum ya wuce iyaka bai sani ba har sai ya ji zuciyarsa tana bugawa. Adana shi ma sai da kula, domin idan ba a nannaɗe shi a ganye ko ɗan tsumma mai laima ba, a lokacin hunturu kwana kaɗan zai yanƙwane. Akwai kuma batun ladabi: yawancin malamai ba sa jin daɗin ganin baki yana motsi a gabansu, don haka a tauna a ƙofa, a kurkure baki, sannan a shiga.

Shayi

A ganina shayi ne ya fi dacewa da yawancin ɗalibai a cikin abubuwan da ake sha, da sharaɗin a san irin wanda ake nufi. Kofi guda na baƙin shayi yana ɗauke da kafeyin kimanin miligiram 40 zuwa 50, koren shayi kuma ƙasa da haka, sai dai idan an dafa shi ya yi kauri a ƙaramar buta irin yadda matasa ke yi a majalisa, wanda ƙarfinsa ke ninkuwa. Wannan adadi ya isa ya wartsakar da mutum ba tare da ya sa hannunsa rawa ba, ga shi kuma ruwa ne yake shiga jiki a lokacin da ake buƙatarsa. Idan ɗalibi ya sayi kwalin ganyen ya riƙa dafawa da kansa a kan gawayi ko risho, ya zuba a ƙaramin filas, kuɗin kofi guda ba ya kai na komai a cikin jerin nan in ban da abin da ake samu kyauta.

Inda ake samun matsala shi ne teburin mai shayi. Haɗin kauri mai madara da suga cokali huɗu da rabin burodi da ƙwai abinci ne mai nauyi, kuma wanda ya sha shi da tsakar rana ya ƙara wa kansa barci ne a kan tsada. Abin da ake nema shi ne ruwan bunu da suga kaɗan, minti 30 zuwa 45 gabanin shiga aji, domin a daidai wannan lokaci ne kafeyin ke kai ƙarfinsa a jini. Wata illa da ta fi shafar ɗalibai mata ita ce, shayi yana rage wa jiki iya tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci idan aka sha su tare, ƙarancin wannan sinadari kuwa shi ke kawo ƙarancin jini, wanda shi kansa babban dalilin kasala ne. Mafita mai sauƙi ce: a bar tazarar awa guda tsakanin cin abinci da shan shayi.

Kofi

Kofi na gari da ake sayarwa a ƙananan ledoji, irin su Nescafé, ya kai kantunan ƙananan garuruwa yanzu, kuma ya fi shayi ƙarfi, domin kofi guda yakan kai miligiram 60 ko fiye gwargwadon yadda aka cika cokali. Yana aiki da sauri kuma yana riƙe mutum sosai. Amma nan ne ya kamata a san lissafin da ba a cika faɗa ba: jiki yana ɗaukar kimanin awa 5 ya fitar da rabin kafeyin ɗin da aka sha. Wanda ya sha kofi mai ƙarfi bayan la'asar, rabinsa yana nan a jikinsa bayan isha'i, sai barcin dare ya ƙi zuwa ko ya zo sama-sama, gobe ya tashi da gajiyar da ta fi ta jiya, ya ƙara cokali. Da haka sabo ke kama mutum, har ranar da bai sha ba kansa ya yi ciwo. Hukumomin lafiya a Amurka da Turai sun sanya miligiram 400 a rana a matsayin iyaka ga baligi mai lafiya, mai juna biyu kuma kada ta wuce 200. Al'adar da wasu ke yi a lokacin jarrabawa ta zuba garin kofi a cikin lemon kwalba ko lemon kuzari hanya ce ta tsallake wannan iyaka cikin zama ɗaya, kuma ban ga wani uzuri da zai halatta ta ba.

Lemon ƙarin kuzari

Wannan shi ne wanda aka fi tallatawa kuma shi ne ya fi faɗuwa a kan ma'aunai. Gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana da kafeyin miligiram 80 da suga kimanin giram 27, manyan gorori na roba da suka fi yawa a shagunanmu kuwa sun fi shi girma, don haka a karanta abin da aka rubuta a jikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da ake ƙarawa a abinci ya wuce kimanin giram 50 a rana ga baligi, gora ɗaya kuwa tana iya cinye mafi yawan wannan kaso. Sanyinsa da zaƙinsa suna sa a kwankwaɗe shi lokaci guda, a ji ƙarfi nan take, sannan da yawa su ji jiki ya saki a awa ta biyu, daidai lokacin da malami ya iso wurin da ya fi wuya. Ta fuskar kuɗi kuma, ɗalibin da ke shan gora ɗaya kowace ranar karatu ya ɗauki farashinta ya ninka da kwanakin zango, zai ga kuɗin da ya isa ya sayi littattafai ko ya biya kuɗin motar zuwa gida sau da dama. Amfaninsa ɗaya ne, ba ya buƙatar shiri. Mai hawan jini ko ciwon suga ko wata matsalar zuciya bai kamata ya kusance shi ba.

Ƙailula da gyaran barcin dare

Wannan ce kaɗai hanyar da ke taɓa tushen matsalar, kuma ba a biyan ko sisi. Barcin minti 10 zuwa 20 da tsakar rana yana dawo da hankali na tsawon sa'o'i, kuma ba kamar abin sha ba, yana taimaka wa ƙwaƙwalwa ta riƙe abin da aka koya da safe. Sirrin yana cikin gajartawa. Idan aka wuce minti 30 mutum yakan nutse cikin barci mai nauyi, ya tashi kansa a ɗaure, ya shiga aji a yanayin da ya fi na da muni, don haka a saita ƙararrawar waya, ko a sa aboki ya tayar. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin ya tabbata a hadisi cewa sahabbai suna yin ƙailula, har aka ruwaito cewa ranar Juma'a sai bayan salla suke yin ta. Wanda ke da tazara tsakanin azahar da lakcar rana yana iya shan ruwan bunu ya kishingiɗa nan take, ta yadda lokacin da zai farka shayin ya fara aiki.

Wahalarta wuri ne da lokaci. Namiji zai iya miƙewa a barandar masallaci ko ya shimfiɗa darduma a inuwar darbejiya, ya yi matashi da jakarsa, babu mai kallonsa. Ɗaliba da ke zuwa daga gida ba ta da wannan sauƙi, sai dai ɓangaren mata na masallaci ko ɗakin wata ƙawa da ke kwana a makaranta, kuma wannan abu ne da ya kamata shugabannin makarantu da ƙungiyoyin ɗalibai su dube shi da gaske. Ko kifa kai a kan tebur na minti 10 a ajin da babu kowa ya fi babu.

Shi kuwa barcin dare lissafinsa a fili yake. Wanda zai tashi sallar asuba wajen ƙarfe biyar, idan yana son awa 7, to ƙarfe goma ta same shi a kwance. Abin da ke cinye wannan lokaci sananne ne: hira a majalisa, gidan kallon ƙwallo inda wasannin Turai na tsakiyar mako ke kaiwa sha ɗaya na dare, da garaɓasar data ta tsakar dare da ke riƙe mutum a TikTok da Facebook. Waɗannan ana iya rage su. Akwai kuma wanda ba zaɓinsa ba ne, kamar ɗalibin da ke ban-ruwa da dare a gonar noman rani a yankin Kura ko kwarin Haɗeja, ko wanda ke shiga gona da sanyin safiya a damina gabanin ya hau babur zuwa makaranta, ko matar aure mai goyo. Irin waɗannan ba a yi musu adalci ba idan aka ce kawai su kwanta da wuri.

Abinci, ruwa da zaman aji

Waɗannan ba sa maye gurbin barci, amma suna rage nauyin rana sosai. Malmalar tuwo ko kwanon garau-garau cike, ko fura da nono mai kauri da ƙarfe ɗaya, kowa ya san inda suke kai mutum. Gara a ci mai nauyin da safe ko bayan an tashi, da rana kuma a taɓa ƙosai kaɗan ko gyaɗa ko dabino. Zuwa aji da yunwa ma yana kashe jiki, don haka ɗumame ko koko da safe ba abin rainawa ba ne. Ruwa kuwa a bazara wajibi ne, domin wanda ya yi tafiya a rana ya yi gumi, sau da yawa ƙishirwa ce yake ɗauka barci. A cikin aji, zama a layin gaba kusa da taga, rubuta bayani da kalmomin kai maimakon kwafar allo kawai, da shirya tambaya ɗaya da za a yi wa malami, duk suna tilasta wa hankali aiki. Sabunta alwala gabanin shiga yana wartsakarwa, haka ma sauya wurin zama, wanda hadisi ya umarci mai gyangyaɗi a masallaci ranar Juma'a ya yi.

Abin da ban sa a ma'auni ba

Tiramol da makamantansa ba zaɓi ba ne. Magani ne na ciwo mai tsanani daga dangin da ke kama mutum da jaraba, yana iya jawo farfaɗiya da tsayawar numfashi idan ya yi yawa, kuma mallakarsa ba da takardar likita ba yana iya haɗa mutum da hukumar NDLEA. Maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigowa da shi a 2018, shi ma barci yake ƙarawa. Duk abokin da ya miƙo ƙwaya da sunan taimakon karatu, a ƙi karɓa.

Ga jadawalin da ya taƙaita hanyoyin da aka kwatanta a kan ma'aunai biyar ɗin:

Hanya | Kuɗi a zango | Daɗewa | Sauƙi | Haɗari | Taimakon fahimta
Goro | Kaɗan | Awa 3 zuwa 4 | Mafi sauƙi | Ciki, haƙori, rashin ma'auni | Matsakaici
Shayi na gida | Kaɗan | Awa 2 zuwa 3 | Sai wuta da filas | Kaɗan | Matsakaici
Kofi | Matsakaici | Awa 4 ko fiye | Sai ruwan zafi | Sabo, ɓata barcin dare | Matsakaici
Lemon kuzari | Mai yawa | Gajere ga mutane da yawa | Mai sauƙi | Suga, bugun zuciya | Kaɗan
Ƙailula | Babu | Sa'o'i | Sai wuri da lokaci | Nauyin kai idan ta yi tsawo | Mai yawa
Barcin dare | Babu | Yini guda | Sai horon kai | Babu | Mafi yawa

Lokutan da ke cikin jadawalin kimantawa ne, domin jiki ya bambanta, kuma wanda ya saba da kafeyin ba ya jin sa kamar sabon shiga.

Wanne ya dace da wa

Ɗalibin da ke kwana a makaranta kuma waya ko hira ce ke cinye darensa, kada ya kashe kuɗi a kan komai tukuna. Ya mayar da kwanciyarsa ƙarfe goma na tsawon mako biyu ya gani, domin mafi yawan irinsa a nan matsalarsu ke ƙarewa. Wanda barcinsa ya cika amma lakcar rana kaɗai ke kayar da shi, ya sauƙaƙa abincin rana, ya yi ƙailular minti 15, idan bai isa ba ya ƙara ruwan bunu kofi guda.

Mai tasowa daga ƙauye da ba shi da inda zai dafa komai kuma cikinsa lafiya lau, ɓarin goro bayan ya karya da gorar ruwa sun fi masa lemon kuzari ta kowace fuska. Manomi mai ban-ruwan dare da mai goyo su ɗauki ƙailula da muhimmancin da suke ba lakcar kanta, su nemi wurinta tun farkon zango, su yi amfani da shayi ko kofi da safe kawai, sannan idan zai yiwu su daidaita da 'yan uwa a kan kwanakin da lakca ta fi yawa. Mai juna biyu ta tsaya a kan shayi marar kauri ba tare da ta haɗa shi da goro ko kofi ba. Mai gyambon ciki ko hawan jini ya bar goro da kofi da lemon kuzari, ya dogara da barci da ruwa da zaman gaba. A watan azumi, abin da aka sha da sahur ya riga ya yi rauni gabanin azahar, don haka wanda ya saba da kofi ya fara rage shi tun a Sha'aban domin guje wa ciwon kai, ya mayar da ƙarfinsa kan ƙailula.

Akwai kuma ɗalibin da ke barcin awa 8, ya ci daidai, ya sha ruwa, amma kullum barci na ɗaukarsa a zaune. Wannan ba goro ko shayi yake buƙata ba, gwaji yake buƙata. Ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro da bai warke sarai ba, ciwon suga, da minshari mai tsanani da ke yanke numfashi cikin dare duk suna kawo haka, haka ma wasu magungunan mura da na ƙaiƙayi da ake saye a kemis. Ya je asibitin makaranta ko babban asibiti mafi kusa, ya faɗi duk maganin da yake sha, ya nemi a auna masa jini da suga.